Neman shawara: 'Yata 'yar sakandare na son shiga aikin sa-kai, mahaifinta ya ce a'a

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga malaman makaranta da iyayen da suka taɓa shiga irin wannan hali.

'Yata ta biyu shekararta 15, saura mata shekara ɗaya da 'yan watanni ta zauna jarrabawar kammala sakandare. Kusan wata guda ke nan ta hana ni sakat da maganar wani aikin sa-kai da ita da 'yan ajinsu, su tara maza da mata, suke son farawa a unguwa. Abu uku suka tsara: ranar da babu makaranta su tara yara 'yan firamare su koya musu karatu da lissafi, su riƙa yashe magudanan ruwa, sannan su riƙa zuwa asibiti suna taya ma'aikata shara da hidimar marasa lafiya. Wanda ya haɗa su wani matashi ne da ya gama makarantar tasu shekara uku da suka wuce. Shi ya buɗe musu zaure a WhatsApp, ya kuma ce zai ba kowa takardar shaida a ƙarshe.

Mahaifinta ya ce sam bai yarda ba. Hujjarsa ita ce sakamakonta na lissafi ya yi ƙasa a zangon da ya wuce, kuma karatu ya tura ta. Ni kuwa tunda na haife ta ban taɓa ganin ta yi ɗokin wani abu da ba waya ba kamar wannan, sai nake jin tsoron kashe mata gwiwa. In lallashe shi ne, ko in bi bayansa in ce ta haƙura sai ta gama?

Wani malamin sakandare:

Wa alaikumus salam Hajiya. Shekarata 14 ina koyarwa, kuma ni ke kula da ƙungiyar ɗalibai masu irin wannan aiki a makarantarmu. Da ke da maigida kowa na da gaskiyarsa, sai dai kun ɗauki abu uku kun ɗaure su da igiya ɗaya. A kwance su tukuna.

Koyar da ƙananan yara, wannan ina goyon baya ba tare da wata-wata ba. Yarinyar da ta tsaya gaban yara goma tana neman hanyar da za ta fahimtar da su, ta koyi haƙuri da tsara magana da zuwa a kan lokaci, abin da ni da allo da alli ba zan iya cusa mata ba. Na ga ɗaliban da ba sa iya ɗaga hannu a aji sun ware bayan zango ɗaya. Amma kada in yaudare ki: koya wa ɗan aji biyu tarawa da ɗebewa ba zai gyara mata aljabara ba. Matsalar lissafinta daban take, maganinta ma daban. Idan wani ya ce miki aikin sa-kai zai ɗaga mata maki, daɗin baki ne kawai.

Abin da ke cinye karatu shi ne rashin iyaka. Yau taro, gobe shirin taro, jibi hira a zauren waya har ƙarfe ɗaya na dare. Likitoci na cewa mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma galibi daga barcin ake fara yanka. Ni ƙa'idata ga ɗalibaina awa biyu ce a mako, rana ɗaya, wuri ɗaya, kuma idan jarrabawa ta rage mako uku a rufe har sai an gama.

Sauran biyun na bar wa ma'aikatan lafiya, na san akwai su a nan.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Malam ya kira mu, to ga ni. 'Yar uwa, batun asibiti ki cire shi gaba ɗaya. Sharar asibiti ba irin ta tsakar gida ba ce. Akwai allurar da aka yi amfani da ita, da auduga mai jini, da fasassun kwalabe. Sukar allura ɗaya na iya sa wa mutum ciwon hanta nau'in B ko C, ko ƙanjamau, kuma nau'in B ya fi sauran saurin kamawa ta wannan hanya. Mu kanmu sai da aka horar da mu, aka yi mana rigakafi, duk da haka muna taka-tsantsan. Ga kuma sirrin marar lafiya. Yarinya 'yar 15 ta ga maƙwabcinku kwance a wani ɗaki, me kike zato zai biyo baya? Duk asibitin da ya san abin da yake yi ma ba zai bar su su wuce wurin zaman jira ba.

Magudanar ruwa ita ma haka. Ƙusa mai tsatsa da gwangwani da gilashi na ƙarƙashin laka ba a ganinsu, rauni mai zurfi da ƙasa ta shiga kuwa shi ne ƙofar tetanas. Ruwan kwata yana ɗauke da bayan gida da fitsarin ɓera. In dai tsafta suke so, su tsinci leda da takardu a filin makaranta ko gefen hanya, da safar hannu mai kauri da rufaffen takalmi, babba na tsaye. Shiga cikin kwata aikin manya ne masu kayan aiki.

In har zuciyarta na wajen marasa lafiya, ki sa ta koyi taimakon gaggawa a hannun ƙwararru. Ƙungiyar Red Cross na da sashen matasa a ƙasashe da dama, 'yan sikawut ma suna koyarwa. Yadda ake tsayar da jini, yadda ake kwantar da wanda ya suma, yadda ake danna ƙirji sau 30 a hura numfashi sau 2 ga wanda zuciyarsa ta tsaya. Wannan zai amfane ta har tsufa.

Wani uba:

Ni dai ina bayan maigidanki. 'Ya'yana huɗu sun wuce sakandare, babu wanda na bari ya shiga wata ƙungiya sai da ya ajiye alƙalamin jarrabawa. Unguwa ba guduwa za ta yi ba, shekara ɗaya kamar gobe ce. Idan ta faɗi lissafi, wane ne cikin waɗanda ta yi wa shara zai zo ya zauna mata? Sannan wannan matashin, wa ya san shi? Yara mata ne fa.

Wata ɗalibar jami'a:

Baba, a gafarce ni, tambayarka ta ƙarshe tana kan hanya, amma ta farkon ina da ja. Ina ajin da 'yar Mama take ciki yanzu na fara koyar da yaran layinmu, kuma ban faɗi komai ba. Abin da na rage shi ne kallon finafinai, ba karatu ba. Da an ce in jira sai na gama, da ban yi ba har yau, domin ana gama sakandare kowa ke watsewa.

Mama, ga abin da ba wanda ya faɗa mana. Mu goma sha ɗaya muka fara, ranar farko yara suka cika wuri har muna rasa inda za mu zaunar da su. Kafin wata uku mun koma mu huɗu. Waɗanda suka zo don hoto da takardar shaida su suka fara zamewa. Wata rana na makara saboda ruwan sama, na tarar da wani yaro ya fi awa ɗaya yana jira da littafinsa a cikin leda. Tun ranar na gane ba wasa muka ɗauko ba. Ki tambaye ta: idan ƙawayenta suka daina zuwa, ita za ta ci gaba? Gara ta ɗauki yara biyar ta riƙe su zango guda da ta tara hamsin ta watsar da su bayan mako uku, don yaran ne ke kwana a ciki.

Takardar shaida kuma, in ba makaranta ko wata ƙungiya mai rajista ce ta sa hannu ba, kowa ma zai iya bugawa a shagon kwamfuta.

Wani ɗan uwa mazaunin Kanada:

Bari in kawo abin da na gani a nan, ko zai taimaka wajen auna abin. A lardin Ontario, tun 1999 sharaɗi ne ɗalibi ya yi awa 40 na hidimar al'umma kafin a ba shi shaidar kammala sakandare. Jihar Maryland ta Amurka ta ɗora awa 75 tun 1992. Amma ki lura, awa 40 ɗin nan a shekara huɗu ake yin ta, wato kamar awa 10 a shekara. Kuma akwai abubuwan da aka hana ɗalibi: ba zai yi a lokacin darasi ba, ba zai tuƙa mota ko ya riƙe injin aiki ba, ba zai ba kowa magani ba, ba zai karɓe aikin da ya kamata a biya wani ma'aikaci ba. Ɗana a laburare ya yi nasa, yana jera littattafai, sai da na sa hannu a takarda, wanda ya kula da shi ma ya sa.

Haka shirin nan na Duke of Edinburgh da aka kafa a Birtaniya a 1956, wanda matasa 'yan 14 zuwa 24 ke shiga a ƙasashe da yawa. A matakin farko, kimanin awa ɗaya a mako ake nema na aƙalla wata uku, da wani babba da zai shaida. Ka ga su ma da suka mayar da abin tsari ba su ce yaro ya kwashi aiki uku a kai lokaci guda ba.

Wata mai aiki da ƙungiyar kare yara:

Anti, ni kan matashin nan zan tsaya. Ba na zarginsa, wataƙila niyyarsa fes take. Amma a aikinmu ba a gina tsaron yara a kan niyyar mutum. A Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Ke nan 'yarki yarinya ce da za ta kula da yara, dole a sami manya a kansu duka. Yarjejeniya mai lamba 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1973, ta ba da damar ƙaramin aiki ga 'yan 13 zuwa 15 in ba zai taɓa lafiyarsu ko zuwansu makaranta ba, aiki mai haɗari kuwa sai an kai 18. Don aikin ƙwadago aka rubuta ta, amma ma'auni ne mai kyau ko da ba a biyan ko sisi.

Ki kira shi ya zo gida, gaban mahaifinta. A ina za a yi? Waɗanne manya ne za su kasance a wurin, aƙalla biyu, kuma da mace a ciki? Hukumar makaranta ta sani? Iyayen ƙananan yaran sun amince? Zai yarda a sa iyaye biyu ko malama a zauren WhatsApp ɗin? Sannan hoto: kada a ɗauki fuskar ɗan kowa a sa a intanet ba da izinin iyayensa ba, kuma kada a tura ɗalibai bi gida-gida neman kuɗi. Mai gaskiya murna zai yi da waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara kame-kame ko ya ce ai iyaye za su takura musu, kin sami amsarki.

Wata dattijuwa:

'Yata, duk an faɗi na ilimi, saura na zaman gida. Kada ki kuskura ki bar ta ta tafi a ɓoye, kada kuma ki zama ke ce lauyarta kullum. Ki sa ta zauna ta rubuta abin da take so, rana da lokaci da wuri, da abin da za ta yi wa lissafin nata, ta kai wa ubanta da kanta cikin ladabi. Uba ya fi saurin sauka idan ya ga an ɗauki damuwarsa da muhimmanci. In ce dai tana taya ki aikin gida? Don na ga masu sharar titi da ɗakinsu ba ya shiguwa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, kin ba ni dariya, ɗakin nata dai sai a hankali.

Ga inda aka kwana. Ta rubuta takardar ta kai wa mahaifinta, ya karanta bai ce komai ba sai bayan kwana biyu. Ya yarda da koyar da yara kaɗai, awa biyu a mako, na zango ɗaya, da sharaɗin idan lissafi bai motsa ba an gama magana. Asibiti da magudana an soke, ta ɗan ɓata rai amma da na karanta mata bayanin 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya sai ta yi shiru. Matashin ya zo, yaro ne mai kunya, ashe bai ma taɓa tunanin neman izinin iyayen ƙananan yaran ba. Ya yarda a sa ni da wata uwa a zauren. Abin da ya rage shi ne wuri, don shi a ƙofar gidansu ya so a yi, mahaifinta kuma ya ce bai yarda ba. Malam, makaranta kan ba da aron aji kuwa?

Malamin sakandare:

Sukan bayar Hajiya, in an bi ta hanyar da ta dace. Kada yaran su je da baki. Su rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa, da sunayensu su tara, da ranar da lokacin, da sunan malami ko malamar da ta yarda ta tsaya musu, iyaye biyu su sa hannu a ƙasa. Malamar za su fara nema kafin wasiƙar, don tambayar farko da shugaba zai yi ita ce wa zai karɓi makulli, wa zai mayar.