Wa ya yage wutsiyar Gajimaren Magellan?

Malam: Jama'a, ina nan kan bakana. Galaksinmu Milky Way, wato babban tarin taurarin da muke ciki, ita ce ta yage doguwar wutsiyar gas da ke bin bayan Gajimaren Magellan biyu, ƙananan galaksi maƙwabtanmu da ake kira Babba da Ƙarami. Gefen ƙaramar galaksi da ke fuskantarmu yana shan jan nauyin da ya fi na gefen nesa, sai ta miƙe, ta fara zubar da kayanta. Ku dubi ƙaramar galaksin Sagittarius da aka gano a 1994, taurarinta sun zube sun yi wa galaksinmu ɗamara.

Ɗaliba: Allah gafarta Malam, Sagittarius daban take. Ita ta sha ratsawa kusa da faifan galaksinmu, inda jan ya fi tsanani. Babban Gajimaren kuwa yana can nisan tafiyar haske ta shekara kusan 160,000. A 2006 madubin hangen nesa na Hubble ya nuna gudun Gajimaren ya wuce yadda aka zata, har masaniyar taurari Gurtina Besla da abokan aikinta suka ce a 2007 da alama wannan ne zuwansu na farko. Wanda bai taɓa zagayo mu ba, yaushe muka samu lokacin yage shi?

Injiniya: Ni abin da ya tsaya mini shi ne wutsiyar kusan duk gas ɗin haidurojin ce. Jan nauyi ba ya zaɓe, da gas da taurari duk yake kwasa. Na fi yarda gas mai zafi da ke kewaye da galaksinmu ne ya share nasu suna kutsowa.

Malam: To Injiniya, wa ya jefa reshen gas ɗin da ke gabansu? Sharewa baya take tura abu. Jan nauyi ne ke fitar da reshe gaba da baya. Kuma gas ya fi taurari bazuwa can gefe, shi ya sa shi ake fara ɗauka.

Ɗaliba: Jan nauyi ne, na yarda, amma na wa? Babban Gajimaren ne ke yagar Ƙaramin. Gadar gas da taurari da ke tsakaninsu ita ce shaida.

Malam: Ko da shi ya fara, wa ya shimfiɗe gas ɗin har digiri kusan 200 a sama? Nauyin galaksinmu ne, 'yata.

Ɗaliba: Malam, ai mai yagewa muke nema tun farko, ba mai shimfiɗewa ba.