Bakwainina ba ya cikowa kamar sa'anninsa, ku ba ni shawara

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, hankalina ya ƙi kwanciya. Na haihu cikina yana sati 33, yaron ya zo da kilo 1.7. Kwana 14 ya yi a kwalba, suna ma a asibiti aka raɗa masa. Ranar da aka sallame mu nauyinsa yana nan yadda aka haife shi. Jiya ya cika sati biyar, aka ɗora shi a sikeli, 2.3. Faccalata ta haihu bayana da kwana uku, nata ya haura kilo huɗu, kumatu ɓul-ɓul. Ni kuwa duk wadda ta shigo barka sai ta ɗaga zani, ta yi jim, sannan ta ce Allah ya raya. Hajiya surukata ta ce nonona ne ba shi da kauri, a haɗa masa da madarar gwangwani, a riƙa ba shi ruwa, a kira wanzami ya cire masa beli don shi ke hana shi tsotso. Gaskiya kuma ko minti biyar ba ya yi a nono sai barci. Ya zan yi?

Sista Rabi: Wa alaikumus salam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin jarirai, ki zo mu yi lissafi tare. Daga 1.7 zuwa 2.3 giram 600 ne cikin sati uku, kusan giram 28 kenan kullum. Abin da muke nema a wurin bakwaini kamar giram 15 ne a kan kowane kilo a rana, to ɗanki yana kan hanya. Sati biyun farko ma ba asara ba ne, kowane jariri yakan rame a kwanakin farko sannan ya dawo da nauyinsa.

Ga inda kike cutar kanki. Ciki sati 40 ne, naki ya rage bakwai. Sati 33 da biyar 38 kenan, wato da lissafi ya cika da har yanzu yana cikinki. Ɗan faccalarki ya gama girmansa a ciki kafin ya fito. Duk lokacin da za ki duba zama ko rarrafe ko tafiya, ki cire masa sati bakwai ɗin nan, har ya kai shekara biyu. Rigakafi ne kawai ake bi da ranar haihuwa, kada ki jinkirta shi.

Barci a nono kuwa gajiya ce, ƙarfin tsotsonsa bai gama zuwa ba. Kada ki jira ya yi kuka. Duk awa biyu zuwa uku ki tashe shi, har da dare. In ya saki, ki tatsa a ƙaramin kofi mai tsabta, ki tallafe shi a ɗan zaune, ki kafa bakin kofin a leɓensa ya riƙa lasa da kansa, ban da ɗura. In yana jiƙa kunzugu sau shida a rana, nono yana isarsa. Ruwa a'a sai wata shida. Cikinsa ɗan mitsitsi ne, ruwa ya cike gurbin nono, ga gudawa. Ki tambayi likitansa maganin ƙarin jini na ɗigawa in ba a rubuta muku ba. Beli kuma ina roƙonki da Allah kada a taɓa shi. Yaro mai kilo biyu ba shi da jinin zubarwa.

Hajiya Maman Biyu: 'Yata, share hawayenki. Hassana da Usaina wata bakwai na haife su cikin hunturu, Usaina kamar 'yar mage, hular jarirai har kafaɗa take sauko mata. Abin da ya cece mu goyon ƙirji. Ki cire masa kaya, ki bar kunzugu da hula da safa, ki kwantar da shi tsakanin nonuwanki fata da fata, ki juya fuskarsa gefe, ki ɗaure da zani. Haka nake wuni, in zan shiga wanka babansu ya karɓa, duk da dariyar da 'yan uwansa suka yi masa. Yaron da ke jin sanyi, nonon da ya sha a ɗumama jiki yake ƙarewa. Usainar nan yanzu ita ke min cefane.

Sista Rabi: Hajiya Maman Biyu ta faɗi gaskiya game da goyon ƙirji. Shi ake kira renon kangaru, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi tun daga haihuwa. Amma kada a saka kaskon garwashi a rufe ɗaki, kuma a raba kayansa da kafur. In kika ji jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko ya ƙi nono, ko numfashi yana ɗaukewa, ko idonsa ya yi ɗorawa, asibiti a take, ko tsakar dare ne.

Ummi Z.: Ni dai na haɗa wa nawa da madara kuma ya yi ƙiba.

Sista Rabi: Akwai wanda likita ke rubuta wa, Ummi, amma sai an auna an ga buƙata. Wannan yana hawa da nonon uwarsa.

Anti Larai: Maganar Hajiya surukarki kada ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba. Ranar awo ki ce ta raka ki. In ta ji daga bakin likita, ita za ta kori wanzamin da kanta.

Maman Sadik: Allah ya saka muku da alheri. Wallahi lissafin sati 38 ɗin nan ban taɓa yin sa ba. Yanzu haka yana ɗaure a ƙirjina nake rubutun nan. Awonmu ranar Talata ne, na faɗa wa Hajiya, ta ce sai dai Baban Sadik ya kawo kuɗin adaidaita sahu.