Maiɗakina 'yar Polan tana neman C1 a Turanci: makaranta ko malama ta gida?

Baban Amira, Krakuf:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mana. Maiɗakina 'yar nan Polan ce, akanta ce a ɗaya daga cikin kamfanonin da ke riƙe wa Turawan Ingila da Amurka lissafi daga nan Krakuf. An ce za a ƙara mata girma ta riƙa jagorantar taro, amma sai ta kawo takardar C1 Advanced ta Cambridge, wato shaidar ƙwarewa a Turanci, kafin ƙarshen shekara. Nahawunta ba laifi. Inda take tuntuɓe shi ne karin magana da fi'ilan nan masu jela, su put off, put up with, put through. Rannan wani Bature ya ce mata a taro “let's play it by ear”, ta yi shiru tana jiran a kunna wani abu a saurara, ashe nufinsa a bari a ga yadda hali ya yi. Ta dawo gida ko abinci ba ta ci ba.
Zaɓi biyu ne a gabanmu: makarantar koyon harshe, aji na mutum takwas, sau biyu a mako, zuloti (kuɗin Polan) 2,400 na wata biyar, ko wata malama mai zaman kanta da ke karɓar 120 a awa. Kuɗin ba zai ɗauki duka biyun ba. Wanda ya taɓa bi ta nan don Allah ya taimaka.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Ta je ta yi jarrabawar Turanci ta IELTS kawai, ita duniya ta sani.

Baban Amira:
Malam, C1 suka ce. Kuma IELTS shekara biyu ake karɓar sakamakonta, takardar Cambridge kuwa ba ta da wa'adi.

Abu Sadik:
To kai mene ne amfaninka a gidan? Ga malami kyauta Allah ya ba ta. Ku daina Polanci a gida na wata shida, an gama.

Maman Ilham, Poznan:
Yaya Abu Sadik, miji bai iya koya wa matarsa karatu, faɗa ake ƙarewa da shi, kamar koyon mota. Baban Amira, ni na zauna da wata abokiyar aikina 'yar nan tana shirin wannan jarrabawar bara, na ga inda gizo ke saƙa. Su a Polanci kalma ɗaya ce, robić, kamar “yi” ɗinmu, ita ce make ita ce do. Shi ya sa za ka ji sun ce make a photo, alhali Bature take yake cewa. Sannan harshensu ba shi da irin “a” da “the” na Turanci ko kaɗan, kuma a takardar Reading and Use of English ta jarrabawar akwai sashen da ake cire kalma a ce ka cike gurbi ba tare da an ba ka zaɓi ba, irin waɗannan ƙananan kalmomin ake yawan cirewa.
Abin da ya fisshe ta: ta daina haddar kalma tsurarta. Duk abin da ta ji a taro sai ta rubuta jimlar sukutum a manhajar Anki ta haddar kalmomi, ta yi bita minti 15 a cikin tiram da safe. Malama ta ɗauka, sau ɗaya a mako, 90 a awa. Maki 180 ake bukata a samu C1, ita ta samu 187.

Malam Issufu na Damagaram, Warso:
Sannunku. Wannan ciwon ni ma na yi shi, don mu 'yan Nijar da Faransanci muka taso, kuma ramin da muke faɗawa shi ne na 'yan Polan. Su aktualnie, mu actuellement, duka “a halin yanzu” ne, amma actually ta Turanci “a gaskiya” take nufi. Wadda ta fi haɗari ita ce ewentualnie. A wurinsu “mai yiwuwa” ce, Bature kuwa in ya ce eventually, abin tabbas zai faru, jinkiri ne kawai. Ka duba akanta ta rubuta wa abokin hulɗa eventually we can refund, ita tana nufin watakila, shi kuwa ya riƙe alkawari. Akwai pensja, albashi ne ba fansho ba. Akwai szef, maigidan aiki ne ba mai dafa abinci ba. Ka sa ta jera irin waɗannan a takarda ɗaya ta manna a jikin firji.

Ɗan Fagge:
Wato in ta ce za ta kai ƙara wurin chef, kicin za a nuna mata, hahaha.

Ticha Bala, Wuj:
Baban Amira, ka ji daga bakin wanda ya koyar a irin makarantun nan shekara uku. Kada ka kai kuɗinka.
Na zo ƙasar nan da digirin Turanci, na ƙara da CELTA, takardar shaidar koyar da Turanci, da aljihuna na biya. Makarantar da ta ɗauke ni ta ce za ta ba ni 55 a awa. Na karɓa, don ina bukata. Bayan wata takwas na gano wani yaro ɗan Ingila da suka ɗauka bayana, wanda aikin mashaya ya baro, ko present perfect bai iya bayani ba, 95 suke ba shi. Ɗalibansa wurina suke zuwa a lokacin hutu da tambayoyinsu, ina amsa musu a tsaye a bakin injin kofi. Da na yi magana sai shugabar ta ce min, cikin murmushi, iyayen yara native speaker suke so, wato wanda Turanci ne harshen uwarsa, fasfo ɗina kuma bai nuna haka ba. Na ce mata Turanci ne harshen hukuma a Najeriya, da shi na yi karatu tun firamare. Ta ce ta sani, amma kasuwa ce.
Abin da ya fi ci min rai, ajin C1 da na raina tun Satumba, mutum bakwai, biyar suka ci. Aka sa hoton wancan yaron a tallan makarantar. Watan Yuni suka ce ba za su sabunta min kwantiragi ba, alhali takardar zamana a kan aikin take rataye. Wata huɗu na yi ina raba abinci a keke cikin sanyi kafin na samu wani abin. Har yau in na wuce ta layin nan sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Maman Ilham:
Innalillahi. Allah ya saka maka, Ticha.

Abu Sadik:
Amin. Amma 55? A wace shekara? Ƙanina yana koyarwa ta intanet daga Warso, 150 yake karɓa kuma layi ake.

Ticha Bala:
Wanda makaranta ke biya daban, wanda mutum ke karɓa da hannunsa daban. Baban Amira, 120 ɗin nan ma ta yi yawa, da 80 za ka samu.

Malam Issufu:
80 a Wuj, ba a Krakuf ba. Ni 140 na biya a Warso, kuma minti 50 ne ba awa ba.

Hajiya Uwani, Kano:
Ni malamar Turanci ce shekara 22. Karin magana ba a koyonsa a aji, ba a koyonsa wurin malama. Karatu ne. Ta riƙa karanta jarida kullum, ta saurari rediyo. Kuma ku faɗa mata kada ta cika cusa karin magana a rubutun jarrabawa, masu dubawa sun fi son kalmar da ta zauna daidai a wurinta.

Ɗan Fagge:
Hajiya, da girmamawa, kin taɓa koyar da ɗan Polan? Matsalar yaran Kano p da f ce, tasu daban.

Hajiya Uwani:
Ɗana, kai da ka ce ta yi IELTS ba ka ko karanta tambayar ba? Harshe harshe ne.

Maman Ilham:
Maganar Hajiya ta biyu gaskiya ce, malamar abokiyata ma haka ta ce. Amma karatu kaɗai ba zai yi ba, akwai sashen da ake ba ka jimla da kalma guda a ce ka sake gina ta da kalma uku zuwa shida ba tare da ma'ana ta canza ba. Wannan sai da mai gyara.

Abu Sadik:
Su ma fa nasu karin maganar ba sauƙi. Abu in ya yi sauƙi sai su ce burodi da bota, bułka z masłem. In ba ruwansu da rigima su ce ba gidan wasana ba ne, ba birai na ba ne. Baban Amira, kai dai kada ka koya mata “I'm coming” tana fita daga ɗaki, ko “next tomorrow”, su Cambridge su kama mu.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai, 'yan'uwa. Ticha, labarinka ya taɓa ni. To amma in malama ce, sau ɗaya a mako zai isa zuwa Disamba? A jarrabawar baki mutum biyu ake haɗawa, na ga kamar aji zai fi ba ta sabo da hakan.

Ticha Bala:
Maganar “next tomorrow” ɗin nan ita suke fakewa da ita su rage mana kuɗi. Kowace ƙasa da irin Turancinta. Ɗan Sikotilan in ya yi magana, ɗaliban ba sa gane rabi, amma shi native ne.

Injiniya Musa, Gidansk:
Ai ba a koyarwa kaɗai ba ne. Ni da na nemi digiri na biyu, wata jami'a ta ce sai na kawo IELTS, ga WAEC ɗina da credit a Turanci, ga takarda daga jami'ata cewa da Turanci aka koyar da ni shekara biyar. Wata jami'ar kuma a ƙasa ɗaya ta karɓi takardar ba musu. Da naira na biya kuɗin jarrabawar, kuɗin da mahaifina ya sayar da shanu biyu ya haɗa min na tafiya na taɓa.

Malam Issufu:
Ku ku gode Allah. Mu ko wannan takardar ba mu da ita.

Hajiya Uwani:
Ɗalibaina uku ke shirin IELTS yanzu, kowane wata kuɗin sai ya motsa saboda canji. Injiniya, wace shekara ka yi taka, kuma a Abuja ka zauna ko a Legas?