Shin lokaci bai yi ba da za a ɗaga iyakar gudu a tagwayen hanyoyinmu?

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari:

Assalamu alaikum. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina kuma fatan masana hanya da masu sana'ar tuƙi za su warware mini ita. Harkar kasuwa takan kai ni Abuja daga Kano aƙalla sau biyu a wata, kuma ni nake tuƙa kaina. Dokar hanya ta Najeriya ta yanka wa motar gida kilomita 100 a awa ɗaya a kan babbar tagwayen hanya, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 kuma a cikin gari. Tun ranar da na fara riƙe sitiyari a Fijo 504 ta mahaifina wannan 100 ɗin nake ji, alhali ita Fijon ba ta da jakar iska, ba ta da birkin ABS, ba ta da na'urar da ke daidaita mota idan ta fara sulɓewa a kwana. Motar da nake hawa yanzu tana da duk waɗannan, malejinta ya kai 240, kuma a inda aka gama gyaran hanya tsakanin Zariya da Kano, idan na tsaya a 100 sai in ji kamar ba tafiya nake yi ba, kowa sai wuce ni yake yi, har da motocin haya cike da fasinja.

Tun da mota ta canza, me zai hana a ɗaga iyakar zuwa 120 ko 130? A ganina dokar da kusan kowa ke takawa kullum rage wa sauran dokoki kwarjini take yi. Na kuma ji cewa a Jamus akwai hanyoyin da ba su da iyakar gudu sam, ga shi ba a san su da yawan haɗari kamar mu ba.

Malamin kimiyya, Samaru:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ne mota ta canza, amma ba a nan gizo yake saƙar ba, domin idon direba da ƙwaƙwalwarsa da ƙafarsa suna nan yadda suke a zamanin Fijo. Daga lokacin da mutum ya hango abu a gabansa zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, daƙiƙa ɗaya takan wuce ko fiye, ko da kuwa ba ya jin barci kuma ba ya riƙe da waya. A cikin wannan daƙiƙar, motar da ke gudun 100 ta riga ta ci kusan mita 28, mai gudun 120 kuwa ta ci mita 33, tun birki bai fara aiki ba.

Bayan an taka birkin ne lissafin yake ƙara muni. Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkuwa, haka ma nisan da za ta ja kafin ta tsaya. Don haka tashi daga 100 zuwa 120 ƙarin kashi 20 cikin ɗari ne a maleji, amma ƙarin kashi 44 ne a nisan birki da kuma ƙarfin karo. Ka ɗauka motoci biyu iri ɗaya suna jere, ɗaya tana 100 ɗaya tana 120, sai suka taka birki a wuri ɗaya saboda tirelar da ta lalace a gabansu. Idan mai 100 ta samu ta tsaya daf da bayan tirelar, mai 120 za ta daki tirelar tana gudun da ya haura kilomita 65 a awa. Wannan lissafi bai damu da shekarar da aka ƙera motar ba, muddin tayoyinsu da kwaltar iri ɗaya ne.

Shi kansa birkin ABS mutane da yawa ba su fahimci aikinsa ba. Babban amfaninsa shi ne ya hana taya ƙamewa, domin direba ya ci gaba da juya sitiyari yana birki. A kan yashi ko tsakuwa ma yana iya ƙara nisan tsayawa, kuma kowa ya san yadda gefen hanyoyinmu suke cika da rairayi. Jakar iska da bel kuwa suna kare wanda ke cikin motar ne, ba sa yi wa ɗan babur ko yarinyar da ke tsallakawa da farantin talla komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗarin da ake rasa rai da kusan kashi 4.

Ribar kuma nawa ce? A tafiyar kilomita 200, mai 100 zai yi awa biyu, mai 120 zai yi awa ɗaya da minti 40. Minti 20 ke nan, idan har bai taɓa birki ba ko sau ɗaya, ga kuma man da zai ƙona na ƙari saboda iskar da ke tokare motar, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba ƙaramin abu ba ne.

Tsohon direba, tashar Kawo:

Allah ya saka wa Malam da alheri, ya faɗi da lissafi abin da mu muka koya a kan sitiyari. Alhaji, na yi shekaru fiye da talatin ina lodi tsakanin Kaduna da Kano kafin idona ya sa na ajiye, kuma abin da zan ƙara shi ne, ba kai kaɗai ne a kan hanyar ba, kuma ba motarka ce mizanin da za a auna dokar da ita ba. Dokar da ta ba ka 100, ita ta ba tasi da bas 90, ta ba tirela da tanka 60 a kan wannan hanyar dai. Tirelar da aka yi wa lodin siminti ko buhunan masara fiye da kima ma ba ta kai 60 ɗin idan ta zo hawa. Yanzu tazarar da ke tsakaninka da ita 40 ce a doka. Idan aka ba ka 130 ta zama 70, wato za ka riƙa isa bayanta kamar wanda ya nufi bango, musamman da dare, domin da yawansu fitilun baya sun mutu ko ƙura ta rufe su. Mafi munin haɗurran da na gani da idona irin wannan ne, ƙaramar mota ta shige ƙarƙashin babba, kuma ƙarfen bayan tirela ta saman bonet yake wucewa, inda jakar iska ba ta da ta cewa.

Sannan ka duba ita hanyar. Suna ne kawai babbar hanya, amma ta tsakiyar garuruwa take ratsawa. A Maraban Jos da Tafa manyan motoci suna ajiye a gefen kwalta, wani lokaci har sun cinye hannu guda. A Tashar Yari da Kwanar Dangora da Kura mutane suna tsallakawa, masu A Daidaita Sahu suna juyawa, ranar kasuwa kuwa sai ka rantse titin ma rumfa ce. Makiyayi zai kora shanu ya tsallaka, ɗan acaba zai biyo hannun da ba nasa ba don kada ya yi zagaye, wanda motarsa ta mutu zai karyo ganye ya zuba a kwalta a madadin alama. Babu shingen da ya raba hanyar da waɗannan bayin Allah.

Batun cewa motocin yanzu na zamani ne kuma, ka zo tasha ka gani. Yawancin abin da ke ɗaukar talaka motocin Kwatano ne da suka gama shekarunsu a Turai kafin su zo, tayoyinsu kuma na gwanjo. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, amma direba nawa ne ke dubawa? Tsohuwar taya a zafin watan Afrilu, da lodi fiye da kima, da gudu, fashewa take yi. Kuma ka sani, ranar da aka rubuta 130 a allo, yaron da ke son ya yi sawu biyu don ya haɗa balas ɗin mai mota ba zai ce na masu sabuwar mota ne ba, ƙure maleji zai yi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu a watan Fabrairun 2017, amma na san waɗanda suka sa ta don a gani, suka kuma je wurin mai wayarin ya cire mata waya.

Ma'aikaciyar jinya, Birmingham:

Ina gaida Baba direba da Malam. Alhaji, irin wannan muhawarar an yi ta a nan Birtaniya, kuma da hujjarka aka yi ta. An sa iyakar mil 70 a awa, wato kusan kilomita 113, a watan Disambar 1965 a matsayin gwaji, bayan wasu munanan haɗurra da aka yi cikin hazo, aka kuma tabbatar da ita a 1967. A 2011 sakataren sufuri na lokacin, Philip Hammond, ya kawo shawarar a mayar da ita mil 80 a kan manyan tagwayen hanyoyinsu da ake kira motorway, yana cewa motoci sun inganta ƙwarai kuma direbobi da yawa sun riga sun saba wuce 70. An yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya gwamnati ta jingine maganar, har yau kuma 70 ɗin ce.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne irin hanyar da aka ƙi ƙara wa gudun. Doka ta hana mai tafiya a ƙasa da mai keke da dabbobi hawanta, ba ta ratsa kasuwa, ba a shiga ko fita sai ta mashigar da aka gina don haka, ga ƙarfe ko kankare a tsakiya. Duk motar da ta kai shekara uku sai an duba lafiyarta kowace shekara, kuma zanen taya idan ya gaza milimita 1.6 laifi ne. A 1966 mutum kusan 8,000 suka mutu a hanyoyin ƙasar, yanzu kuwa adadin bai kai 2,000 a shekara ba duk da ƙaruwar motoci. Ingancin mota yana cikin abin da ya kawo wannan ragin, sai dai sun zaɓi su karɓi ribarsa a rayukan da suka tsira, ba su mayar da ita gudu ba.

Jamus ɗin ma ba yadda ake ba da labari take ba. Akwai sassa da yawa na hanyoyinsu da ke da iyaka a rubuce, inda babu kuma hukuma ta ba da shawarar kada a wuce 130, wanda ya wuce ya yi haɗari yana iya ɗaukar wani kaso na alhakin ko da ba shi ya jawo shi ba. Ni da nake aiki a asibiti zan ƙara da cewa tsira bayan haɗari ya dogara da saurin isowar motar asibiti da kusancin inda za a yi tiyata, kuma duk wanda ya taɓa ganin haɗari tsakanin Jere da Kateri ya san yawanci matafiya ne ke ciro mutane da hannunsu.

Malamin kimiyya, Samaru:

Hajiya ta cike gurbin da na bari. Amma don a yi wa Alhaji adalci, maganarsa ta cewa dokar da ba a bi tana zubar da kwarjinin doka tana da tushe, injiniyoyin hanya ma sun yarda iyakar da ba ta dace da yanayin titi ba direbobi watsi suke yi da ita. Sai dai wannan hujjar kaifi biyu gare ta. Idan 100 ta yi kaɗan a dajin da babu kowa, ta yi yawa ƙwarai a tsakiyar Maraban Jos. Abin da ya fi dacewa shi ne kowane yanki ya samu adadinsa a allon da ake gani, a kuma riƙa auna gudun da na'ura, domin a yanzu mutum yana iya zuwa Abuja ya dawo ba wanda ya auna shi. Amurka ta soke iyakar gudu ta ƙasa baki ɗaya a 1995 ta bar wa jihohi, jihohi da yawa suka ɗaga, binciken da aka yi daga baya kuma ya nuna mace-mace sun ƙaru a irin waɗannan hanyoyi. Holan ta ɗaga zuwa 130 a 2012, sannan a 2020 ta dawo da gudun rana zuwa 100, ko da yake gurɓatar iska ce dalilinta.

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Lissafin motoci biyun nan da Malam ya kawo shi ya fi tsaya mini a rai, domin ban taɓa zaton mai 120 zai isa wurin da sauran gudu har 65 ba. Baba, na fita na duba tayoyina kamar yadda ka ce, biyu na baya sun haura shekara shida, gobe in Allah ya kai mu zan kai a canza su. Duk da haka ban janye gaba ɗaya ba. Idan wata rana aka gina hanyar da aka katange, wadda ta zagaye garuruwa, aka kuma samar wa tireloli wurin kwana nesa da kwalta, ina ganin 120 ba za ta zama ganganci ba a kanta. Abin da ya rage mini yanzu shi ne yadda zan riƙe 100 ɗin a aikace, domin idan na tsaya a hannun dama tirela ce a gabana tana 50, idan na koma hagu kuma bas ce a bayana tana danna mini fitila da ham. Baba, ku da kuka daɗe a hanyar, yaya kuke yi da wannan?