Wace kalma za mu ba "stent" na jijiyar wuya da Hausa?

Masu sha'awar harshe, ina neman mu tsai da kalma ɗaya ga abin da likitoci ke kira "stent", musamman wanda ake sanyawa a jijiyar wuya da suke ce wa "karotid", domin sau da yawa abin da dattijo da iyalansa suke ji a asibiti shi ne "za a sa masa ƙarfe a wuya", maganar da ke sa mutum ya zaci karaya aka samu.

Jijiyar ba ta da wuyar suna. Guda biyu ce, dama da hagu, kuma ita ke kai mafi yawan jini ƙwaƙwalwa. Idan kitse ya daskare a bangonta, galibi inda ta rabu biyu ƙasan muƙamuƙi, hanya takan ƙuntace, ɓarɓashi kuma yakan ɓalle ya toshe wata ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa, sai a samu shanyewar ɓarin jiki. "Jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa" ta wadatar.

Kalmar "stent" kuwa ba ta da ma'anar da za a fassara, domin mafi shaharar bayani shi ne an samo ta daga sunan Charles Stent, wani likitan haƙori na Ingila da ya rasu a 1885. Saboda haka aikin abin za mu duba. Likita yakan zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi, ya bi da ita ta babbar jijiyar da ta fito daga zuciya har wuya, ya buɗe wata 'yar matata a gaban wurin da ya ƙuntace don ta tare ɓarɓashi, sannan ya saki wata saƙaƙƙiyar raga ta ƙarfe wadda take buɗewa da kanta ta danne bangon jijiyar. Matatar ana fitar da ita, ragar kuwa a nan za ta zauna har abada.

An kawo "bututu", amma bututu rufaffen jiki gare shi, kuma mun riga mun ba robar fitsari da ta ƙarin ruwa wannan hoton, alhali su cire su ake yi. Wani ya ce "kwalbati", kuma na ji daɗinta, sai dai kwalbati sabuwar hanya ake gina wa ruwa, wannan kuwa tsohuwar hanya yake tokarewa kada ta rufta, kamar yadda ake kafa wa ginin da ya rankwafa matokari. Shawarata ita ce "ragar tokare": raga ta faɗi siffa, tokare ya faɗi aiki.

Abin da nake roƙo a guje masa shi ne kiran aikin "wanda ba yanka", domin sunan yana sa iyali su ɗauka shi ne mai sauƙi ga tsoho, kuma a nan shaida ta nuna akasin haka. Binciken CREST da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 2,502, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2010, ya nuna cewa raga ta fi dacewa da waɗanda ba su kai kimanin shekara 70 ba, waɗanda suka haura kuwa tiyatar buɗe wuya a kankare kitsen ta fi musu aminci daga shanyewar jiki. Dalilin da ake kyautata zato shi ne: jijiyar tsoho ta yi tauri ta kuma karkace, don haka wayar da ta taso daga matsematsi tana iya kankaro ɓarɓashi tun kafin a kai ga buɗe matatar.

Wannan ne ya sa aka ɓullo da wata dabara da Amurka ta amince da ita a 2015, inda ake 'yar tsaga a gindin wuya, a shiga jijiyar kai tsaye, a juya gudun jini baya na ɗan lokaci don ɓarɓashi ya nisanci ƙwaƙwalwa. Da kalmarmu sai likita ya ce: "Baba, ragar tokare za mu sa maka, amma ta gindin wuya za mu shiga, ba ta matsematsi ba." Ina so in ji daga mutanen Sakkwato da Damagaram ko "tokare" na zaune daidai a bakinsu, ko "dogare" suka fi sabawa da shi.