Dikodar DStv ɗina ta Kano za ta yi aiki a Kumasi?

ɗan_fagge:
Assalamu alaikum jama'ar Zango. Don Allah tambaya gare ni. Ni ɗan Kano ne, kawuna yana harkar goro a Aboabo ya ce in zo in zauna da shi wata bakwai zuwa takwas in kama masa aiki, yanzu sati na uku kenan a Kumasi. To ina da dikodar DStv a gida, Compact nake biya kuma na riga na zuba kuɗin wata uku gaba kafin tafiyar ta taso, ga shi kakar Firimiya ta yi nisa ni kuma gidan kallo da hayaniyarsa ba na iyawa. Akwai direban da zai taso daga Kano ranar Asabar, ina tunanin in ce a ba shi dikodar da rimot ya taho min da su. Za ta kama a nan? Sai na sa an kwance dish ɗin ma ko zan samu a nan? Kuma in kuɗin ya ƙare ta yaya zan biya, MoMo, wato biyan kuɗi ta waya da ake yi a nan, zai yi? Wanda ya sani ya taimaka.

MaiDish_Alabar:
Wa alaikumus salam, sannu da zuwa baƙonmu. Aikina kenan shekara da shekaru. Amsa a taƙaice za ta kama. Nijeriya da Gana tauraro ɗaya suke sha, Eutelsat da ke digiri 36 gabas, shi kuma sigina daga sama yake zubowa kamar ruwa bai san bodar Seme ba bai san Aflawo ba. Dikodar ba ta magana da tauraro, karɓa kawai take yi, saboda haka in dai katinka da kuɗi a kai za ta buɗe ko a Fagge take ko a Aboabo.

Kar ka wahalar da direba da dish, kafin ya iso nan an danne shi da buhuna ya lanƙwashe, kuma dish in ya lanƙwashe ko da kaɗan ne ya tashi aiki. A nan za ka samu, ka nemi mai santimita 90 kar ka ɗauki ƙarami don arha, ruwan Kumasi ba irin na Kano ba ne, hadari na haɗuwa za ka ga E48 ta fito hoto ya tafi ana tsakiyar wasa. LNB, wato ɗan kan da ke gaban dish mai karɓar sigina, da waya duk akwai. Abin da za a kawo maka dikoda ce da adaftarta da rimot, katin kuma kar a cire shi don an ɗaura shi da wannan dikodar ne ba zai yi a wata ba. Wuta da soket iri ɗaya ne babu matsala.

Wajen saiti, in ka tsaya ka fuskanci alƙibla ka ɗan juya dama can tauraron yake, ka duba kar bene ko bishiya ta tare gabas. Amma ka kira mai mita ya ɗaura maka, kar ka hau kwano kana juyawa wani na ɗaki yana ihu ya zo ya tafi.

MoMo ba zai biya katin Nijeriya ba. Akawun ɗinka na naira ne, da app ɗin bankinka na can za ka biya ko ka tura wa wani a gida lambar katin ya biya maka. Ka bar dikodar a kunne lokacin da ake biya.

hajiyan_sawaba:
Ɗana ni ƙanena ya taɓa kawo min irinta daga Legas don tashoshin Hausa, Africa Magic Hausa ta 156 da Arewa24. Ta yi aiki lafiya lau amma abin da ba su gaya maka shi ne tashoshinmu na nan ba za ka gani ba, ba GTV ba TV3 ba UTV ba Adom, sai NTA da Channels da su AIT. Maigida ya zo zai ji labaran Gana sai ya tarar da gwamnan wata jiha yana buɗe titi, ranar na sha magana. Ƙarshe sai da muka ƙara wani dish na Multi TV wanda ba a biyan kuɗin wata, aka yi dish biyu a kan rufi kamar gidan minista. In kawunka mai bin labarai ne ka san da wannan tun wuri. Sannan in sun ce shiri ƙarfe takwas to agogon Nijeriya suke nufi, mu nan ƙarfe bakwai ne, sau nawa ina idar da isha'i in zo in tarar an gama.

baba_asawase:
Malam mai dish ya faɗi gaskiya ta ɓangaren ƙarfe da waya, amma ya tsallake rabin maganar, wataƙila don kada ciniki ya wuce shi, Allah ya ba da haƙuri wasa nake. Yaro, kamawa daban, halatta daban. Kuɗin da ka biya a Kano ka biya ne don kallo a Nijeriya. Haƙƙin nuna ƙwallo da finafinai ƙasa ƙasa ake sayar da shi, kuma MultiChoice Ghana kamfani ne mai lasisinsa daga NCA, hukumar sadarwa ta Gana, yana biyan harajinsa a nan da sidi. Duk dikodar da ke zaune a Kumasi tana biyan naira, su a wurinsu kwastoma ne ya ɓace, gwamnati kuma haraji ya ɓace mata.

Da can ba wanda ya damu sosai. Abin ya zama magana ne a 2025 da ministan sadarwa Sam George ya taso kamfanin a gaba kan farashi, ya ce a rage kashi 30 cikin ɗari ko a dakatar da lasisinsu, a watan Agusta aka yi ta ja-in-ja a rediyo kullum. Hujjarsa ita ce Premium a Gana ana biyan kwatankwacin dala 83 alhali a Nijeriya kusan dala 29 ne. A lokacin Premium sidi 865 ne a nan, can kuma naira 44,500, Compact ɗinka naira 19,000 mu kuma sidi 380. To ka ga dalilin da ya sa mutane suka yi ta shigo da dikodojin Nijeriya, ba don son NTA ba ne, darajar naira ce ta faɗi sidi kuma ya ɗan farfaɗo sai ratar ta buɗe. Da aka sasanta, daga 1 ga Oktoba 2025 aka ɗaga masu biya zuwa fakitin da ke sama da nasu a kan kuɗin da suka saba, kuma a cikin sulhun aka ce za a kafa kwamiti da ya haɗa NCA da kwastam da 'yan sanda da shi kamfanin don maganin dikodojin da ake tsallakowa da su.

Na san kai ba fasa-ƙwauri kake ba, kayanka ne da ka saya da guminka kuma zama na wata bakwai ka zo yi. Amma takardar sharuɗɗan ba ta ware baƙo da ɗan kasuwa ba, suna da ikon rufe kati in sun gano yana wata ƙasa. Kuma kai baƙo ne a gidan mutum mai mutunci a unguwa, ni da zan ba ka shawara ka je ofishinsu ka tambayi farashin yau, ka sayi ta nan da sunanka ka yi wata bakwai ɗinka, in za ka koma ka bar wa kawunka.

MaiDish_Alabar:
Baba ai ciniki ba zai wuce ni ba, ko ta Kano ko ta Adum, cikin garin Kumasi, ni dai zan hau rufin hhh. Amma maganarka haka take. Ƙari ɗaya, in Explora ce, babbar dikodar DStv mai hawa intanet, ya haɗa ta da intanet ɗin nan to ya gaya musu inda yake da bakinsa, haka app ɗin DStv na waya shi ma yana ganin ƙasar da kake.

Sofo_Tafo:
Ku dai ku riƙa bambancewa don kar wani ya karanta ya ɗauka kowace dikoda haka take. Ni na ɗauko GOtv tun daga Ibadan na zo na yi kwana biyu ina juya eriya a banza, ashe ita ba tauraro take kamawa ba, turakun ƙasa take bi, katin can ba ya buɗe na nan. Wani abokina kuma ya dawo daga Afirka ta Kudu da tasa DStv ɗin, su can wani tauraron ne daban a digiri 68.5, ya kira masu saiti har uku ba wanda ya samo masa hoto. Masu zuwa daga Abijan da Wagadugu da Canal+ kuma su dish ɗinsu yamma yake kallo. Sannan ɗan Fagge ka tabbata layinka na Nijeriya yana roming, in ba haka ba ranar biya lambar da banki zai turo ba za ta iso ka ba ka zauna kana kallon E16, saƙon da ke fitowa in kuɗin kati ya ƙare.

ɗan_fagge:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba na ji kuma na ɗauka. Dama na kira gida ɗazu in ce a haɗa dikodar, uwargida ta ce in ta bar ɗakin to in haɗa da yaran ma a ba direban, su wa zai riƙa lallashinsu da yamma. Saboda haka tana nan inda take, wata ukun ma ba su tafi a banza ba. Zan shiga Adum gobe in ji farashi. Mai dish, nawa ne aikin ɗaurawa har da waya kamar yadi ashirin, gidan bene ne hawa ɗaya kuma akwai tsohon dish a kai wanda kawu ya ce tun na wani ɗan haya ne, ko shi ma zai yi?

MaiDish_Alabar:
Sai na gani da ido, in bai yi tsatsa a wuya ba LNB kawai za a canza. Turo min hotonsa ta inbox, ka ɗauka daga gefe.