Wai har yanzu ba a samo hanyar da ciwo zai warke ba tabo ba?

Ummu_Sadiq:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin likitanci ku taimaka min da bayani. Ƙanwata ce tafasasshen ruwa ya zubo mata a hannu, tun daga saman gwiwar hannun har kusa da wuyan hannu, an sha jinya alhamdulillah ciwon ya rufe, toh amma inda ya warke ɗin ya taso yayi ja yayi kauri, ga ƙaiƙayi baya barinta bacci, kuma hannun baya miƙewa sosai sai kaga fatar tana riƙe shi. Sai naga wani bidiyo wai yanzu akwai na'urar da ake fesa wa mutum fata da ita ya warke tas. Gaskiya ne? In gaskiya ne ana yi wa tsohon tabo? Ko kawai mu nemi likitan tiyata ya yanke tabon ya ɗinke a huta? Nikam abin da ke ɗaure min kai, mutanen da suke dashen fuska guda sukutum ace tabo ya gagare su?

Nas_Bilki:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Ni a sashen masu ƙuna nake aiki, abu na farko da zan ce miki kar kuyi gaggawar yanka. Tabon da ke tasowa kala biyu ne mutane suna haɗa su. Akwai wanda zai kumbura amma ya tsaya iya inda ciwon yake, shi aka fi gani bayan ƙuna musamman in ciwon ya haura sati uku bai rufe ba, wannan zaiyi ta kauri na wasu watanni sannan ya fara laushi a hankali, sai ya ɗau shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya tsaya a yadda zai zauna. Ɗayan shine kiloid, shi tsallake iyakar ciwon yake ya shiga lafiyayyar fata, kuma baya sauka da kansa. Daga bayaninki nafi zaton na farkon ne, amma sai likita ya gani da idonsa ya taɓa.

Abin da muke yi musu: ledar silikon mai laushi da ake mannawa a kan tabon, ko jel ɗinsa, aƙalla awa 12 a rana har watanni. Sai rigar matsi, ana auna hannun a ɗinka ta daidai shi, awa 23 take a jiki sai wanka ake cirewa, kuma gaskiya marasa lafiya basa sonta sam saboda zafi da takura, a nan ne aikin 'yan gida yake. Sai shafa mai wanda ba turare a ciki ana murza tabon da yatsa, yana rage ƙaiƙayin don tabo baya fitar da maiƙo da kansa, bushewa yake. A kiyaye shi daga rana kuma.

Amma ni rashin miƙewar hannun nan yafi damuna akan jan da kaurin. Mai ƙuna kullum lanƙwashe hannu yake don yafi masa daɗi, tabon kuma sai ya tsuke a haka, kullum ƙara ja yake. Ku kai ta wajen masu gashin ƙashi na asibiti tun yanzu su fara motsa mata shi, su yi mata abin ɗaure hannu a miƙe da zata dinga kwana da shi. In duk an yi bai saku ba sannan likitan tiyata zai sake shi, wani lokacin yanka mai siffar Z ake yi a juya fatar ta ƙara tsawo, wani lokacin sai an ɗebo fata daga cinya an cike.

Abu_Fahad:

Anti Bilki ta gama magana kan abin yi, Ummu_Sadiq bari ni in taɓa tambayarki ta ƙarshe don kusan abin da nake karantawa kenan yanzu. Dashen fuskar da kika ce, na farko na wani ɓangaren fuska ne, a Faransa aka yi shi a 2005 a garin Amiens, wata mata ce karenta ya cinye mata hanci da leɓe da haɓa, amma ki lura naman fuskar wata mamaciya aka ɗauko aka haɗa da jijiyoyin jini da komai, kuma ta ci gaba da shan magungunan danne garkuwar jiki don kar jikinta ya ƙi karɓa. Ɗauko nama daga nan a kai can likitoci sun ƙware a kai tuntuni. Sa jiki ya sake ƙirƙiro fata irin ta asali shine har yau ake ta fama.

Jiki in ya samu rauni sauri yake ya toshe wajen kafin ƙwayoyin cuta su shiga, ba ruwansa da kyau. Jini ya daskare, sai kumburi na 'yan kwanaki fararen ƙwayoyin jini suna share wajen, sai wasu ƙwayoyi da ake kira faiburobilas su zo suyi ta zuba kolajin, wato zaren da ke riƙe fata. A lafiyayyar fata zaren nan a harɗe yake kamar saƙar tabarma, a tabo kuwa duk a jere suke sun fuskanci gefe ɗaya, shi yasa tabo yake da tauri, ba gashi, ba ƙofofin gumi, kuma ko ya gama warkewa ƙarfinsa baya wuce wajen kashi 80 cikin 100 na fatar asali.

Abin da ya hana masu bincike haƙura shine sun san abin mai yiwuwa ne, don jaririn da ke ciki in aka ji masa rauni kafin wajen wata shida fatarsa warkewa take ba ko alama. Ko ke ki duba cikin bakinki, sau nawa kika ciji kunci, ina tabon? Sannan a 2012 aka wallafa bincike kan wani ɓera mai ƙaya da aka kama a Kenya, fatarsa saɓulewa take in an damƙe shi amma ta sake fitowa har da gashi. Toh an lura a raunin jariri wani sinadari mai suna TGF-beta 3 yafi yawa, sai wani kamfani a Manchester ta Ingila ya haɗa shi a allura suka sa mata suna Juvista, gwaje-gwajen farko sun yi kyau kowa na murna, a 2011 da aka yi babban gwaji na mataki na uku sai ta faɗi, bata fi allurar da ba magani a ciki ba.

Na baya-bayan nan da ya ja hankali shine na jami'ar Stanford a Amurka a 2021, ɗakin binciken Michael Longaker. Sun nuna cewa jan da bakin rauni yake yi shi ke kunna wata ƙwayar halitta a cikin faiburobilas su koma masu yin tabo, da suka toshe wannan saƙon da verteporfin, magani ne da dama ake amfani da shi a ciwon ido, sai raunin ɓerayen ya warke da gashi da ƙofofin maiƙo. Abin burgewa ne wallahi, amma fatar ɓera sako-sako take a jikinsa tamu kuma a ɗame, shi yasa dole a bi ta alade don fatarsa tafi kama da tamu sannan a zo kan mutum. Duk wanda ya ce miki yana da man da ke goge tabo tas a yau, ki riƙe kuɗinki.

Baban_Nana:

Hajiya ni ba likita bane amma ina da kiloid a ƙirji, daga ɗan ƙurji ya fara. Akwai asibitin da suka yanke min shi suka ɗinke suka sallame ni ba tare da sun haɗa da komai ba, wallahi kafin shekara ya dawo yafi na da tsawo don ya bi layin ɗinkin gaba ɗaya har ramukan zaren sai da suka yi 'yan ƙullutu. Daga baya wani likitan fata ya gaya min kiloid in an yanke shi kaɗai yawanci dawowa yake, sai an biyo da allurar siteroid a cikin tabon ko a haska wajen da na'ura irin ta maganin ciwon daji a kwana ɗaya zuwa biyun farko bayan aikin. Yanzu allurar ake min duk wata, tirayamsinolon sunanta, zafi kam ba a magana don tabon tauri gare shi sai likita ya danna da ƙarfi kana ganin wajen yana fari, amma ya kwanta sosai kuma sukan da yake min ya daina. Gefen ya ɗanyi haske dai. Masu irin jikinmu ayi hattara da ƙirji da kafaɗa da kunne da gefen haɓa, nan yafi fitowa, kuma baƙar fata tafi saurin yinsa.

Ummu_Sadiq:

Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Malam Allah ya ƙara sauƙi. Toh maganar fesawar fa, ƙarya ce kenan?

Dakta_MK:

Ba ƙarya bane 'yar'uwa, bidiyon ne bai gaya miki wa ake yi wa ba. Wata likitar tiyata ce Fiona Wood a birnin Perth na Ostireliya da abokiyar aikinta Marie Stoner suka ɓullo da shi a shekarun 1990, duniya ta san shi bayan harin bam na Bali a 2002 da aka kai masu ƙuna asibitinsu, Amurka kuma ta amince da na'urar mai suna ReCell a 2018. Yadda ake yi, za a shafto 'yar fata siririya daga jikin shi mara lafiyar, a jiƙa ta a wani ruwa da ke raba ƙwayoyin fatar da juna, a kankare a tace, cikin kamar rabin awa an samu ruwan da za a fesa, ɗan guntun zai iya rufe wajen da ya ninka shi har sau 80. Amfaninsa shine rage yawan fatar da ake ɗiba, don wanda rabin jikinsa ya ƙone ina za ka samo fatar dashe? Amma ɗanyen ciwo ake fesa wa a ɗakin tiyata bayan an cire mataccen nama, in ƙunar tayi zurfi ma sai an haɗa da dashen fata da aka huhhuda ta buɗe. Fesa shi a kan tabon da ya riga ya rufe ba zai sauke kaurin ba.

Kafin shi akwai Howard Green da James Rheinwald da suka gano yadda ake raino ƙwayoyin fata a ɗakin gwaji a 1975, sai dai sai an jira wajen sati uku kuma abin da ake samu siriri ne mai saurin yagewa don saman fata ne kawai ba ƙasan. Ƙasan shine wahalar. John Burke da Ioannis Yannas a Boston suka haɗa wani soso na kolajin ɗin saniya da silikon a samansa, a shimfiɗa a ciwon jijiyoyin jini su shiga ciki, bayan sati biyu zuwa uku a ɓare silikon ɗin a ɗora siririyar fata, shine Integra, an amince da shi a 1996.

Ni in ka tambaye ni abin da yafi ceton masu ƙuna, aikin wata likita ce a Silobeniya, Zora Janžekovič, da ta wallafa a 1970, cewa maimakon a zauna jiran mataccen nama ya ruɓe ya faɗi da kansa, a shiga a kwanakin farko a shafte shi kaɗan-kaɗan har a iso nama mai jini a dasa fata nan take. Ba wata na'ura mai tsada a ciki, wuƙa ce da lokaci. Duk ciwon da ya rufe da wuri tabonsa yafi sauƙi, shi yasa ƙunar da ta kai kwana goma zuwa sati biyu bata nuna alamar rufewa ba ya kamata likitan tiyata ya ganta.

Zee_09:

Dakta dan Allah tambaya biyu. Mu dai mun taso ana cewa a bar ciwo a buɗe ya sha iska ya bushe yafi saurin warkewa, haka ne? Sannan naga ana manna wa masu ƙuna fatar kifi, shima da gaske ne?

Dakta_MK:

Ta farkon tun 1962 wani mai bincike a Ingila George Winter ya gwada a fatar alade, ya rufe wasu raunukan da leda ya bar wasu a buɗe, waɗanda aka rufe sabuwar fata ta lulluɓe su da sauri kusan ninki biyu, shekarar da ta biyo baya aka maimaita a jikin mutane aka ga haka. Ƙwayoyin fata rarrafe suke daga gefe zuwa tsakiya, in akwai busasshen ɓawo sai sun nutsa ta ƙarƙashinsa suna neman laima. Don haka a wanke a rufe da bandeji mai tsafta wanda baya mannewa, ana canzawa, laima ake so banda jiƙewa sharkaf. In ƙuna ce sabuwa kuma a sakar mata ruwan famfo mai sanyi minti 20, ko an makara yana amfani har cikin awa uku, banda ƙanƙara banda man goge baki.

Fatar kifin kuma gaskiya ce, a Fortaleza ta Barazil aka fara, fatar karfasa ce, amma sai an bi da ita ta matakai na kashe ƙwayoyin cuta an rufe a leda kafin ta shiga asibiti. Bata zama fatar mutum, rufi ne na wucin gadi a ƙunar da bata yi zurfi sosai ba, abin da aka gani shine tana rage zafi da yawan canza bandeji, in ƙasan ya warke sai a ɓare ta. Kar wani ya gwada da ɗanyen kifi a gida dan Allah.